Kafin ka ce "tura min": yadda ake samo manhajoji marasa gulma daga F-Droid da ƴan'uwansa

A Maradi ba sai an koya mana saka manhaja daga wajen Play Store ba, mun daɗe muna yi. Ka sayi waya a babbar kasuwa, kafin ka bar rumfar yaron shago ya buɗe Xender ya zuba maka kaya: mai kallon bidiyo, mai tocila, mai "goge datti", WhatsApp mai ruwan zinariya, da wasu uku da ko shi bai san aikinsu ba. A fada kuwa, tsakanin shayin farko da na biyu, "tura min" ta fi sallama yawa. To idan na ce akwai kantunan manhaja ban da na Google, ba baƙon abu na kawo ba. Inda gizo ke saƙa shi ne duk abin da aka tura mana karɓa muke yi, ba ma tambayar daga ina ya fito, wa ya gina shi, wa kuma yake kai wa labarinmu.

Kwanakin baya gwaggota da ke unguwar Zariya ta miƙo mini wayarta. "Ɗan nan, duba mini abin nan. Forfe na jika guda ba ya kwana biyu, ni kuwa ban da gaisawa da yaranmu na Agadas ba abin da nake yi." Na duba na ce, "Gwaggo, wa ya saka muku waɗannan duka?" Ta ce wanda ya sayar mata. Manhajar tocila da ke ciki tana da izinin karanta lambobin mutanenta, tana da izinin sanin inda take. Mai haska ɗaki idan an ɗauke wuta, me ya haɗa shi da lambar surukarta? Daga gyaran wayar nan ne na tsara matakan da ke ƙasa, kuma a kan waya irin tata na yi su, ba a kan wata mai tsada ba.

Abin da ke ɓoye cikin buhu

Yawancin manhajojin da ake cewa kyauta ne, da talla suke ci. Mai gina manhajar yakan ɗauko wasu ƴan guntayen shirye-shirye daga kamfanonin talla da na ƙididdiga ya dasa a ciki. Ni ƴan rahoto nake kiransu. Aikinsu su tattara lambar talla ta wayarka, irin wayar, lokacin da ka buɗe manhajar, wani lokaci har inda kake tsaye, su aika waje. Da megarka suke aikawa, da ita kuma suke sauko da tallar bidiyon da ke tare maka fuska.

Kada ka ce wa ya damu da labarin talaka. A watan Nuwamba na 2020 shafin Motherboard na kamfanin Vice ya bankaɗo cewa bayanan wuraren masu amfani da Muslim Pro, manhajar lokutan salla da miliyoyin Musulmi suka sauke, suna zuwa hannun wani dillalin bayanai mai suna X-Mode, wanda cikin masu ciniki da shi akwai ƴan kwangilar sojan Amurka. Masu manhajar sun musanta cewa sun sayar wa soja, amma sun yanke hulɗa da dillalin. Nijar tana da dokar kare bayanan mutum tun 2017, da hukumar HAPDP mai kula da ita a Yamai, sai dai bayanin da ya riga ya ƙetare teku ya shiga hannu na uku, kamo shi ba ƙaramin aiki ba ne. Gara kada ya fita tun farko.

Buɗaɗɗiyar manhaja ita ce wadda aka baje rubutun da aka gina ta da shi a fili, kowa na iya karantawa, ya kwafa, ya gyara. Kamar mai gero ne da ya kwance bakin buhu ya ce zura hannu har ƙasa. Ni da kai ba lallai mu iya karanta rubutun ba, amma akwai masu iyawa, kuma mai niyyar cusa tsakuwa ya san ana kallo. Rufaffiyar manhaja kuwa cinikin biri a sama ce. Wannan bai sa kowace buɗaɗɗiya ta zama tsarkakakkiya ba, zan dawo kan haka.

Mataki na farko: san wayarka, ka tanadi kayanka

Duk abin da zan faɗa na masu Android ne: Tecno, Infinix, itel, Samsung, Redmi da sauransu. Mai iPhone a nan ƙasar ba shi da wannan ƙofa ta saka manhaja daga wajen kantin Apple, don Apple ya buɗe ta ne a Tarayyar Turai a 2024 da doka ta tilasta masa, ba a Afirka ba.

Shiga Paramètres, ka gangara zuwa bayanin waya, ka ga lambar Android ɗinka. Riƙe ta, za ta yi amfani a gaba. Sannan ka kwashe hotuna da muhimman takardu zuwa memori ko kwamfuta. Ba don aikin yana da haɗari ba, sai don za ka goge wasu manhajoji, kuma hannu yakan zame.

Mataki na biyu: sauko da F-Droid daga gidansa

F-Droid, kantin buɗaɗɗun manhajoji, shi ne uban tafiyar. Wani Baturen Ingila mai suna Ciaran Gultnieks ya kafa shi a 2010, yau kuma ƴan sa-kai daga ƙasashe da dama ke riƙe da shi. Ba ya karɓar komai sai buɗaɗɗun manhajoji. Ba ya neman imel, ba ya neman lambar waya, ba a buɗe asusu. Abin da ya fi burge ni shi ne yawancin manhajojin ba karɓarsu yake yi a ɗaure daga hannun masu su ba: rubutun yake ɗauka ya gina manhajar da kansa a kan injunansa, don abin da aka baje a fili ya zama shi ne abin da ya shiga wayarka.

Ba za ka same shi a Play Store ba. Duk abin da ka gani can da suna mai kama da nasa, wuce shi. Kada kuma ka karɓe shi daga rumfar caji. Buɗe Chrome, ka rubuta f-droid.org da hannunka a layin adireshi, harafi bayan harafi. Na ce da hannunka ne domin idan ka bi ta bincike, shafukan da ke tara APK, wato fayilolin da ake saka manhajar Android da su, na iya riga na gaskiya fitowa. A shafin farko akwai maɓallin saukewa. Fayil ɗin bai kai mega ashirin ba.

Chrome zai yi gargaɗi cewa irin wannan fayil na iya cutar da waya. Haka yake faɗa a kan kowane APK, ci gaba. Idan ka taɓa fayil ɗin, wayar za ta ce ba a ba Chrome izinin saka manhaja ba. Tun daga Android 8, wanda ya fito a 2017, wannan izini ba na wayar gaba ɗaya ba ne, kowace manhaja da nata. Bi inda ta nuna maka, ka kunna wa Chrome, ka dawo ka saka F-Droid.

Ga abin da kusan kowa ke mantawa: da ka gama, koma ka kashe wa Chrome izinin nan. Rubuta "inconnues" a wurin bincike na Paramètres, zai kai ka jerin manhajojin da ke da ikon saka wasu. Duba jerin da kyau. A wayar gwaggo, Xender da wasu biyu duk a kunne suke tun ranar da aka saye ta. Kashe su duka. F-Droid kaɗai za ka kunna wa, lokacin da ya nema.

Play Protect kuma, mai gadin Google da ke bincikar manhajojin waya, ka bar shi a kunne. Wani lokaci zai tsaya ya ce bai san wata manhaja ba, ya nemi ya bincika ta. Bari ya bincika. Masu ce maka ka kashe shi gaba ɗaya, yawanci kayan da suke turawa ne ba sa son a duba.

Mataki na uku: ɗaure masa baki kafin ya sha mega

Buɗewar farko F-Droid zai sauko da kundin duk abin da ke rumbunsa, kuma idan rezo ba shi da ƙarfi zai ɗau lokaci, allon ya zauna fayau kamar ya lalace. Bai lalace ba, jira. Idan kana da inda kake samun Wi-Fi, ko kana sayen forfe na dare, nan ne wurin yin wannan.

Daga nan ka shiga saitinsa. Akwai ma'auni biyu, ɗaya na Wi-Fi, ɗaya na megar waya, kowanne da matsayi uku: kullum, sai na taɓa da kaina, ko kada a yi sam. Na Wi-Fi ka bar shi a kullum. Na mega ka sa shi a tsakiya, ba zai sauke komai ba sai ka ce. A wayoyi masu Android 12 zuwa sama yana iya sabunta manhajojin da shi ya saka ba tare da ya tambaye ka kowane lokaci ba. A na ƙasa da haka sai ka taɓa kowace da hannu. Idan fuskar F-Droid ba ta yi maka ba, akwai Droid-ify da Neo Store, rumbu ɗaya suke ɗiba, tufafin ne suka bambanta.

Mataki na huɗu: koyi karanta shafin manhaja

Nan ne aikin yake, kuma nan zan daɗe.

Kantin ƙarami ne. Dubbai kaɗan ne a ciki, ba miliyoyi ba, kuma babu taurari ko sharhin jama'a da za ka jingina da su. Yawancin bayanan da Ingilishi ko Faransanci suke, binciken ma da su ake yi. Saboda haka idonka ne mudu. Abu huɗu nake dubawa kafin in taɓa maɓallin sakawa.

Ranar sabuntawa ta ƙarshe ita ce ta farko. Manhajar lissafi ko ta tocila da ta shekara uku ba a taɓa ta ba, ba laifi, aikinta bai canza ba. Amma mai shiga intanet, mai aika saƙo, ko mai ajiye kalmomin sirri, idan ta shekara ba sabuntawa, bar ta. Ɓarayi ba sa hutu, wanda ya daina gyara katanga kuwa ya bar musu gida.

Sai gargaɗin da F-Droid ke liƙawa da kansa, wanda a Faransanci ya kira "anti-fonctionnalités". Idan manhaja tana da talla, ko tana bibiyar mai amfani da ita, ko ta dogara da wani rufaffen kamfani, ko an san tana da ɓaraka a tsaronta, zai rubuta a shafinta ƙarara. Ban san wani babban kanti da ke tona asirin kayansa haka ba. Sai dai ka karanta dalilin, kada ka gudu don ganin alamar kawai. NewPipe, alal misali, an yi mata alamar dogaro da rufaffen kamfani saboda daga YouTube take ɗauko bidiyo. Ai dama don haka ka neme ta.

Na uku izini. Gangara ƙasa zuwa jerin fitowar manhajar, za ka ga abin da take nema. Tambayar ita ce wadda na yi a kan tocilar gwaggo: me ya haɗa wannan aiki da wannan izini? Allon rubutu da bai nemi intanet ba ko kaɗan, ba shi da hanyar kai tsaye ta fitar da abin da ka rubuta ko da ya so. Wannan ya fi mini duk wani alkawari da aka rubuta a takardar sirri mai shafi ashirin.

Na huɗu, taɓa mahaɗin da ke kai wa inda rubutun manhajar yake, galibi GitHub, GitLab ko Codeberg. Ba karatun rubutun za ka yi ba. Duba kawai ko gidan da mutane: ana kawo ƙorafi, ana amsawa, an yi aiki cikin watannin nan? Kango daga nesa ake gane shi.

Ga labarin da ya sa na ce buɗaɗɗiya ba ta nufin ka rufe ido. Shekaru da yawa ana yabon jerin manhajojin Simple Mobile Tools: ma'ajiyar hotuna, kalanda, lambobi da sauransu, ba talla ba bibiya. A ƙarshen 2023 mai su ya sayar da su ga kamfanin ZipoApps, wanda aka sani da cusa talla da biyan kuɗin wata-wata. Masu ɗauka daga Play Store suka wayi gari da sabon maigida ba tare da sun sani ba. Amma da yake rubutun a buɗe yake, wasu daga cikin masu taya aikin suka kwafe shi suka ci gaba da suna Fossify. Abu biyu na ɗauka daga nan: suna mai kyau yana iya canza hannu, kuma idan buhun a buɗe yake, ana iya juye geron a wani buhu a ci gaba.

Mataki na biyar: fara da kaɗan

Kada ka ce yau za ka canza komai. Wanda ya yi haka, kwana uku yake komawa gidan jiya. Fara da waɗanda suka fi damunka da talla.

A wayar gwaggo na fara da Fossify Gallery don hotuna da Fossify File Manager don fayiloli, sai VLC don bidiyo da karatun malamai da take saurare. VLC ta ƙungiyar VideoLAN ce ta Faransa, kusan ba irin fayil ɗin da ba ta buɗewa. Tocila kuwa ba ta buƙatar manhaja, tana nan a labulen da ake jawowa daga saman allo. Mai "goge datti" da mai "ƙara gudu" na cire su ban maye gurbinsu da komai ba, domin su ne dattin.

Don lokutan salla akwai Al-Azan. A cikin wayar take lissafinta, ba sai da intanet ba. Ka ba ta Maradi sau ɗaya, sannan ka daidaita mintocin da masallacin unguwarku, don lissafin na'ura da kiran ladan ba kullum suke haɗuwa ba. Wayoyin da muka fi riƙewa suna da tsarin tanadin batir mai kashe manhajoji idan allo ya mutu, saboda haka ka shiga saitin batir ka cire mata takunkumi, in ba haka ba asuba za ta wuce shiru ka ɗora mata laifin da ba nata ba.

Mai kabu-kabu, direba, ko ɗan kasuwa mai bin hanyar Ɗan Isa zuwa Jibiya da Katsina, ya nemi Organic Maps ko OsmAnd. Sau ɗaya za ka sauke taswirar Nijar da ta arewacin Najeriya, daga nan ko babu rezo tana aiki, don GPS ba ya cin mega. Daga OpenStreetMap suke ɗauko taswirar, wadda jama'a ke zanawa, shi ya sa za ka tarar wani lungun babu suna. Kana iya ƙara shagonka ko masallacinku da kanka.

Madadin Xender shi ne LocalSend. Waya ɗaya ta buɗe wurin raba Wi-Fi, ɗayar ta shiga, ko da mega a kashe, sai a tura. Tana aiki har da iPhone da kwamfuta. Aibinta ɗaya: sai ɗayan ma yana da ita, kuma a Maradi yau kowa Xender gare shi. A fadarmu sai da muka yi sati biyu ana gardama kafin rabi suka saka.

Allon rubutu ya cancanci a tsaya a kansa, domin duk abin da ka rubuta ta kansa yake bi, har lambar sirrin kuɗinka. HeliBoard ba ya neman izinin intanet, kuma yana barin mutum ya gyara jerin haruffa da kansa, abin da zai yi wa mai son ƙ da ɗ da ɓ da ƴ daɗi idan yana da haƙurin zama ya tsara. NewPipe tana kunna YouTube ba talla ba asusu, tana sauke murya kaɗai idan wa'azi ko labarai kake so, wanda ke rage mega sosai. Amma ka sani YouTube na canza tsarinsa lokaci-lokaci, sai ta tsaya cak har a fitar da gyara. Sauran, irin su Aegis na lambobin tabbatarwa, KeePassDX na kalmomin sirri, da Binary Eye na karanta QR, ka neme su idan buƙatarsu ta zo.

Maganar hatimi

Kowace manhajar Android tana ɗauke da hatimin wanda ya fitar da ita, kuma waya ba ta yarda a ɗora sabuwa a kan tsohuwa sai hatimin ya zo ɗaya. Da yake F-Droid da kansa yake gina yawancin kayansa, hatiminsa yake bugawa. Don haka idan kana da VLC ta Play Store, ta F-Droid ba za ta hau kanta ba. Sai ka cire waccan tukuna, kuma cirewar na tafiya da saitinta da abin da ta ajiye a cikinta. Idan manhajar tana da hanyar fitar da ajiya, fitar kafin ka goge. Kowace manhaja ka zaɓar mata kanti ɗaya ka tsaya a kai.

Wannan ginin da F-Droid yake yi da kansa yana da farashi: sabuntawa takan makara kwanaki kafin ta iso F-Droid. Ga yawancin manhajoji ba komai. Ga burauzar shiga intanet kuwa kwanakin nan suna da nauyi, shi ya sa ban ga laifin wanda ya bar Firefox ɗinsa a Play Store ba.

Mataki na shida: ƙarin rumbuna, ga wanda ya saba

F-Droid yana barin ka ƙara wasu rumbuna a saitinsa, wurin da aka rubuta "Dépôts". Wanda aka fi sani shi ne IzzyOnDroid. Shi ba ya ginawa, yana ɗauko abin da masu manhaja suka fitar ne ya bincika shi, don haka kayansa sun fi saurin zuwa. Guardian Project ma suna da nasu, can ake samun Tor Browser, burauzar da ke ɓoye sawun mai shiga intanet. Daga shafin masu rumbun kaɗai za ka ɗauki adireshi ko QR, ba daga saƙon da aka watsa a guruf ba. Duk rumbun da ka ƙara, ka ba mai shi mabuɗin ɗaki ne.

Obtainium kuma ba kanti ba ne, ɗan aike ne. Ka ba shi adireshin manhaja a GitHub ko Codeberg, ya riƙa leƙawa yana kawo maka sabuwa da zarar ta fito. Ba mai tacewa a tsakani, kai da mai manhajar ne kawai. Ban saka wa gwaggo shi ba, ba kuma zan saka ba. Signal ma, manhajar aika saƙo irin WhatsApp, ba ta cikin babban rumbun F-Droid. Wanda ba ya son bi ta Play Store ya ɗauko ta daga signal.org, tana sabunta kanta.

Manhajojin da ba su da madadi

Mu faɗi gaskiya, ba wanda zai bar WhatsApp a garin nan, ciniki da zumunci duk a kansa suke. Haka manhajojin kuɗi, na Airtel Money, Moov Money, Nita, Amana ko na banki. Rufaffu ne, ba za su taɓa shiga F-Droid ba. Shawarata a nan ba ta da kwana: duk abin da ya shafi kuɗi, daga Play Store kaɗai, ba daga Xender ba, ba daga mahaɗin da wani ya turo ba. WhatsApp kuma na asali. Masu launin zinariya da masu "ganin saƙon da aka goge" wasu ne da ba a san su ba suka farke na asalin suka ɗinke, ka miƙa musu duk hirarka, kamfanin kuma yana rufe lambobin masu amfani da su.

Akwai Aurora Store, wadda za ka samu a cikin F-Droid. Buɗaɗɗiyar ƙofa ce zuwa kayan Play Store, tana barin ka sauke na kyauta ba tare da asusunka na Google ba, tana kuma nuna ƴan rahoton da ke cikin kowace manhaja kafin ka sauke. Ka shiga ta hanyar da ba suna, kada ka sa asusunka na gaske, domin tsarin ya saɓa wa sharuɗɗan Google. Wani lokaci shigar takan ƙi, sai an jima a sake gwadawa. Wasu manhajojin banki kuma sukan ƙi tashi idan ba daga Play Store aka saka su ba. Kuma ka tuna ƙofar ce ta canza, kayan ciki suna nan yadda suke: TikTok da aka sauke ta Aurora, TikTok ce.

Mataki na bakwai: binciki waɗanda suka rage

Sauke Exodus daga F-Droid. Wata ƙungiyar sa-kai ce ta Faransa, Exodus Privacy, ke bayanta tun 2017. Za ta jera manhajojin wayarka, ta nuna ƴan rahoto nawa aka gano a kowace da sunayensu, da izinin da take nema. Tana buƙatar intanet don ɗauko sakamakon, kuma ta fi sanin kayan Play Store. Wadda ta fito da jerin gwano alhali aikinta ƙarami ne, nemi madadinta. Wadda ba yadda za ka yi da ita, shiga "Autorisations" ka rage mata: wuri sai lokacin da kake amfani da ita, makirufo da kyamara sai ta tambaya, lambobin mutane kuwa sai in aikinta ba ya yiwuwa sai da su. Waɗanda suka zo da wayar kuma suka ƙi goguwa, yawanci ana iya dakatar da su ko a hana su mega.

Duk wannan ba zai ɓoye ka daga kamfanin layinka ba, shi ya san eriyar da kake kusa da ita, kuma da takardarka aka yi rajistar layin. Ayyukan Google da ke cikin wayar ma suna nan. Abin da ka rage shi ne yawan baƙin da ke zaune a aljihunka.

Yadda za a raba a fada

"Tura min" ba za ta mutu ba, kuma bai kamata ta mutu ba, mega tsada gare ta. A ƙasan F-Droid akwai sashen "À proximité", wanda ke tura manhajoji daga waya zuwa waya ta Wi-Fi ko Bluetooth ba tare da intanet ba, har shi F-Droid ɗin kansa yana iya turawa ga wanda ba shi da shi. Yana da taurin kai, wani lokaci sai an gwada sau biyu ko uku. Idan ya ƙi, mutum ɗaya ya sauke fayilolin APK daga shafin f-droid.org, ya raba wa sauran ta LocalSend.

A nan hatimin da ya ba mu wahala ɗazu yake rama mana. Wanda aka tura wa, idan ya samu rezo ya buɗe F-Droid, kantin zai gane manhajar ya ci gaba da sabunta ta, muddin hatiminta na gaskiya ne. Idan wani ya taɓa fayil ɗin a hanya, hatimin ba zai zo ɗaya ba, sabuntawar ba za ta hau ba. Ka ga haka, goge ta ka sauke daga tushe.

Abu na ƙarshe da ya kamata ka sa wa ido: a watan Agusta na 2025 Google ya sanar cewa wayoyin Android masu ɗauke da ayyukansa za su riƙa neman duk mai gina manhaja ya yi rajista da shi da shaidar ko shi wane ne, ko da ba ta Play Store yake rabawa ba. Ya ce za a fara a Satumba na 2026 a Brazil, Indonesiya, Singafo da Tailan, sauran duniya daga 2027. Masu F-Droid sun fito sun ce tsarin na iya kashe aikinsu, tunda da yawa daga masu ba su manhaja ba za su miƙa takardunsu ga Google ba. Bayan surutu ya yi yawa, a watan Nuwamba na 2025 Google ya ce zai bar wata hanya ta daban ga waɗanda suka san abin da suke yi. Idan wata rana wayarka ta ƙara maka tambayoyi kafin ta saka manhaja daga F-Droid, daga nan abin ya taso. Ni dai na buɗe jaka a memori na sa mata suna "APK", duk wadda na sauke daga tushe ina ajiye kwafinta da ranar da na sauke. Na yi wa gwaggo irinta, ko da yake ita abin da ta tambaya da na mayar mata da wayar shi ne ina tocilarta ta tafi, sai da na nuna mata yadda ake jawo labulen sama sau uku.